Farin Fentin da Ke Bayan Hurricane: Martani ga Mai Cewa Jirgin Roba Ba Namu Ba Ne

Kwanakin baya wani marubuci da nake ganin girman alƙalaminsa ya yi rubutu a kan matasa da magidantan da suka ɗauki ɗabi'ar sayen kwalin ƙananan jiragen yaƙi na roba, su zauna su harhaɗa su, su yi musu fenti, su jera a kanta. Bai rage musu komai ba. A ganinsa wasan yara ne wanda gemu ya kamata ya hana. Babu ƙirƙira a ciki, tunda wani kamfani a Ingila ko Japan ya riga ya zuba komai a ma'auni, kai dai mannawa ce taka. Abin da ya fi ɓata masa rai kuma shi ne wai jiragen nan kayan yaƙin Turawa ne, tarihin wasu ne da ba ruwanmu da shi, kuma mai ƙawata su yana ƙawata kisa ne da mulkin mallaka. Ya ce gara masa yaron da ya ƙera mota da gwangwani da tsohon silifas.

Malam, a kan yaron gwangwani ba mu da faɗa. Amma maganar "ba ruwanmu" ba za ta wuce haka nan ba, domin ba gaskiya ba ce.

A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga shi sojojinta da ke Masar suna neman jiragen sama ido rufe. A zagaya da su ta ƙasan Afirka ta Kudu tafiya ce ta makonni masu yawa. Sai aka koma wa wata hanya da kamfanin Imperial Airways ya fara bi tun 1936 tsakanin Kartum da Kano. Aka riƙa kawo jiragen yaƙi a wargaje cikin manyan akwatunan katako zuwa tashar ruwa ta Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana. A can ake harhaɗa su, a gwada, sannan su tashi a ayari: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yanzu, Janaina, Fashir, Ubayyid, Kartum, sannan su bi Kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar ta haura mil 3,500, kuma takan ci kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, jirgin Blenheim guda a gaba yana nuna hanya, jiragen yaƙi ƙirar Hurricane shida na biye da shi. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Duk wanda kakansa ya je Makka a ƙasa ya san sunayen garuruwan nan. Hanyar alhazai ce jiragen suka bi ta sama, wadda ta bar zuriyar Hausawa a Cadi da Darfur da Kordofan har yau. Hanyar ma ba za ta yiwu ba da a ce gwamnan Cadi, Félix Éboué, bai juya wa gwamnatin Faransa ta Vichy mai biyayya ga Jamus baya ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940 ba. Nijar kuwa tana hannun Vichy a lokacin, saboda haka matuƙin da hazo ya ɓatar da shi ya karkata arewa da Kano, ba hannun abokai zai faɗa ba. Jamusawa sun san muhimmancin hanyar, shi ya sa a watan Janairu na 1942 jirginsu guda, Heinkel 111, ya keto Sahara tun daga Libiya ya zubar da bama-bamai a filin Fort Lamy, ya ƙone ma'ajiyar mai. To wannan tarihin wane ne? Wa ya share filayen, wa ya mirgina gangunan man, a kan rufin wa jiragen suka wuce?

Zai yiwu Malam ya ce ai duk wannan a littafi ake karanta shi, ba a kwalin roba ba. A nan muka rabu. Mutum nawa ne a Kano suka taɓa jin sunan Takoradi a ajin tarihi? Mai harhaɗa jirgi kuwa dole ta kai shi can, kuma ga yadda take kai shi.

Ka sayi kwalin Hurricane, ka buɗe. Takardar da ke ciki za ta ba ka zaɓin launi biyu ko uku, galibi na jiragen da suka kare sararin Ingila a 1940. In kana son ka yi wanda ya sauka a Kano, sai ka nemi tsofaffin hotuna. Da ka samu za ka ga abin da babu shi a jikin kwalin. Ƙarƙashin hancin jirgin akwai wani ƙullutu babba da ya ɓata masa siffa: matatar ƙura ce ta kamfanin Vokes, wadda aka ƙara domin yashi kada ya cinye injin Merlin. Ƙarƙashin kowane fiffike akwai tankin mai na ƙari, domin jirgin da aka ƙera don gajeren faɗa a kusa da gida ba zai iya tsallake dajin da ke tsakanin Legas da Kano da cikinsa kaɗai ba. Sannan ga abin da ya fi jan ido: a hotuna da yawa saman bayan jirgin da bindinsa an shafe su da farin fenti, shafar gaggawa, ba ta ado ba. Me ya kawo fari a jikin jirgin da aka yi wa launin ɓuya? An shafa ne domin in inji ya mutu, matuƙi ya faɗa daji ko sahara, masu nema daga sama su hango shi. Wato an san wasu za su faɗi, kuma sun faɗi. Mai riƙe da burushi ba zai iya shafa wannan farin ba sai ya tambayi dalilinsa, in ya tambaya kuwa ya shiga tarihin da Malam ya ce ba namu ba ne, ya tarar da Kano da Maiduguri a tsakiyarsa.

Sai maganar cewa mannawa ce kawai. Ina roƙon Malam ya zauna kusa da mai yi, ko da yini guda.

Ma'aunin da aka fi yi shi ne ɗaya cikin 72: inci guda a kan tebur, ƙafa shida ke nan a filin jirgi. Faɗin fukafukan Hurricane ƙafa 40 ne, saboda haka samfurin bai kai santimita 17 cikakku ba. A wannan ma'auni kuskure ba ya ƙanƙanta, girma yake yi. Ratar rabin milimita da ka bari inda fiffike ya haɗu da gangar jiki, a jirgin gaske rami ne na santimita uku da rabi, wanda babu makanikin da zai bar jirgi ya tashi da shi. Don haka kafin gam ya taɓa komai, sai an wanke robar da ruwan sabulu a cire maiƙon masana'anta, a yanke kowane ɓangare daga jikin sandarsa, a kankare bakin da reza, a gwada haɗawa a bushe, a sake kankarewa. Ɗakin matuƙi shi ake fara yi wa fenti, kore mai toka-toka, domin da an rufe gangar jiki hannu ba zai ƙara shiga ba. Gam ɗin kuma ba irin na liƙa takarda ba ne. Narka robar yake yi kaɗan, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya. Ɗigo ya yi yawa, yatsa ya taɓa wurin, shi ke nan zanen yatsanka ya zauna a fiffiken. Murfin gilashin da ke kan matuƙi kuwa, in ka kusanto shi da gam mai saurin kamawa, tururinsa zai sa ya yi fari fat kamar mai yanar ido. Farin gam na kafintoci ake sa masa, ɗan kaɗan a bakin tsinken sakace.

Bayan an haɗa, layin da ya rage a doron jirgi da cikinsa sai an cike shi an goge, tunda jirgin gaske ba rabi biyu aka manna ba. A Hurricane wannan gugar tana da haɗari na musamman. Sydney Camm, wanda ya zana jirgin a kamfanin Hawker, ya yi shi ne a tsakanin zamani biyu. Jirgin ya fara tashi a watan Nuwamba na 1935, fiffike ɗaya irin na sabon yayi, amma gangar jikinsa daga bayan matuƙi zuwa bindi bututun ƙarfe ne da siraran katako, aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafe da wani ruwa mai ɗaure yadi ya yi tauri. Shi ya sa ake ganin layuka-layuka a bayansa, kamar haƙarƙari. Mai gugar da bai san haka ba zai share su tas, ya fito da jirgi mai sulɓi wanda ba a taɓa ƙerawa ba.

Wannan sani shi ne ke raba gwani da ɗan koyo a matakin ƙarshe, wato tsufar da jirgi. Ɗan koyo in ya ji ana cewa fenti yakan ɓare, sai ya ɗauki launin azurfa ya yayyafa ko'ina. Amma azurfa a bayan Hurricane ƙarya ce, domin babu ƙarfe a wurin da zai leƙo. Ɓarewar tana gindin fiffike inda matuƙi da makanikai ke takawa, da bakin murafan inji da ake buɗewa kullum, da gaban fiffike inda yashi ke duka. Baƙin hayaƙi yana fitowa daga salansa ya bi gefen jiki yadda iska ta ja shi, ba a miƙe kamar an ja da rula ba. Bakunan bindigogi takwas da ke fukafukai ana liƙe su da jan ƙyalle don kada ƙura da sanyi su shiga. In ƙyallen ya yage, jirgin ya yi harbi. Jirgin da ke kan hanyarsa daga Takoradi bai riga ya ga abokin gaba ba, saboda haka wanda ya zana masa baƙin harbi ya ba da labarin da bai faru ba. Kowane ɗigon fenti magana ce, tana iya zama gaskiya tana iya zama ƙarya, kuma akwai hoto da zai kama ka.

Ga kuma abin da takardar kwalin ba za ta gaya wa mai aiki a ƙasarmu ba. Da rani fenti yakan bushe a bakin burushi kafin ya kai jikin jirgi, sai an tsinka shi sosai an yi shafa uku ko huɗu marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri. Da hunturu kuwa, ka shafa ruwan sheƙi ka juya baya, ƙura ta riga ta zauna a kai, dole a kife shi da roba mai tsabta har ya bushe. Ruwan sheƙin nan ba don ƙyalli ake sa shi ba. Tambarin da lambobin jirgi suna zuwa ne a siririyar takarda da ake jiƙawa a ruwan ɗumi a zame su a kan jiki. In jikin yana da kaushi, iska takan maƙale a ƙarƙashi, gefen tambarin ya yi fari-fari ya tona asirin cewa liƙi ne. Sai an yi sheƙi, a liƙa, sannan a kashe sheƙin da wani ruwan, jirgi ya koma dishi-dishi kamar wanda ya sha rana.

Eh, wani ne ya zuba robar. Amma mai ɗinkin hula ma sau da yawa wani ne ke zana masa a jikin yadi, shi ya bi da allura, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ɗinkin hula ba sana'a ba ce. Ka ba mutum goma zane ɗaya, hula goma za ka karɓa, kuma kasuwa ta san wadda za ta saya da tsada.

Ba zan bi sahun masu kare wannan aiki da cewa duk mai yin sa injiniyan jirgi zai zama ba. Yawancinsu ba za su zama ba, kuma ba sai sun zama ba. Mai kiwon tattabaru ba a tambayarsa ko zai zama likitan dabbobi. Mutum ya dawo daga aiki ya zauna awa guda hannunsa da idonsa da hankalinsa a wuri ɗaya, waya na gefe a kife, wannan kaɗai ya isa hujja. Amma tunda Malam ya kira shi wasan yara, bari ya ji abin da gwamnatoci suka yi da wasan. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta roƙi makarantun ƙasar su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 da katako, a ma'aunin nan na ɗaya cikin 72, a shafe su baƙi. Dalili shi ne samfurin da aka rataye a nisan ƙafa 35 daidai yake a ido da jirgin gaske a nisan kusan rabin mil, kuma da su ake koya wa masu harbo jirage su bambance nasu da na abokan gaba cikin ƙiftawar ido. Yara ne suka sassaƙa su, da wuƙa da zane a takarda, babu kwalin kamfani.

A nan yaron gwangwani ya shigo. Malam ya kafa shi a gefe guda, mai jirgin roba a ɗaya gefen, kamar kishiyoyi. Hannu ɗaya ne. Abin da yaron ya rasa ba basira ba ce, ma'auni ne: ba wanda ya taɓa ba shi zanen mota ta gaba da gefe da sama ya ce masa raba kowane tsawo da 20. Ranar da aka ba shi, gwangwaninsa zai ba mai kwali kunya. Kuma a nan na yarda da Malam a kan tsada. Kwalin nan daga waje yake zuwa, fentinsa ma haka, kuɗinsu na bin dala, ba kowane gida ne zai ɗauka ba. Amma wannan hujja ce ta a koya wa yara yi da kwali da katako da kara, ba hujjar a yi wa aikin dariya ba. Tun kafin a fara na roba a tsakiyar shekarun 1930, da katako Turawan ma suke yi.

Malam ya ɗan taɓo batun surori, a gurguje, kamar mai jefa dutse ya ɓoye hannu. Malamai sun daɗe da bambance surar abu mai rai da ta marar rai, jirgi kuwa ba shi da rai. Ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke zuwa a kwalin, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba yakan bar shi a waje, ya yi wa kujerar ɗamara da siririn salatif, ta ma fi kyau.

Saura magana mafi nauyi, ta ƙawata kisa. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Akwai masu wannan sha'awa a duniya da kantarsu ba ta ɗauke da komai sai jiragen Jamus na zamanin Hitler, suna haddace adadin waɗanda kowane matuƙi ya harbo kamar ƙwallayen gasa, ba su taɓa tambayar me ake karewa da jiragen ba. Dokar Jamus ta hana baje tambarin 'yan Nazi, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa saka shi a kwali, wasu kuma su raba shi biyu sai mai so ya haɗa da kansa. Wato masu sana'ar ma sun san akwai ciwo a wurin. Amma maganin wanda ya san rabin labari shi ne a ƙarasa masa, ba a ƙwace masa burushi ba.

Kuma labarin in aka ƙarasa shi ba ya yi wa Turawan mulki daɗi. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ne ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila, sun taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, wanda daga baya ya jagoranci rundunar saman da Hurricane ɗin Takoradi ke zuwa ƙarfafawa a hamadar Libiya. Mai son ya yi samfurin jirgin 1925 zai bincika danginsa, zai kuwa tarar cewa da yayansa, DH.9, aka yi wa garuruwan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan ruwan bama-bamai a Somaliya a 1920. Mai bin sawun jirgin Spitfire zai ci karo da runduna ta 91 ta sojan saman Ingila, wadda aka laƙaba wa sunan Nijeriya saboda kuɗin da aka tara a nan don sayen jirage, sai ya tambayi daga aljihun wa kuɗin suka fito, kuma da yardar wa. Daga nan taki ɗaya ne zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942, inda aka kwashi dubban talakawan Arewa, da yawa ba su dawo ba. Mai yin Hurricane mai igwa huɗu da launin dajin Bama kuma zai tarar da runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma a ƙarƙashin fukafukansa, mutanen da Hausa ce harshen barikinsu. Ban ga ta inda wannan ya zama yabon mulkin mallaka ba.

Inda maganar Malam ta fi ƙarfi ma bai je wurin ba, bari in kai shi. A watan Agusta na 1967 jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet suka iso filin jirgin Kano a cikin manyan jiragen dakon kaya, aka harhaɗa su, aka shafa musu kore-fari-kore, Misirawa da wasu 'yan haya suka tuƙa da yawansu a yaƙin basasa. Kwalin MiG-17 yana nan a kasuwa, kuma wannan ba tarihin wasu ba ne ko kaɗan: waɗanda jiragen gwamnatin tarayya suka jefa wa bama-bamai a kasuwanni da asibitocin Gabas 'yan ƙasa ɗaya ne da mai riƙe da burushin, wasunsu suna raye. A ranar 5 ga Yuni 1969 MiG-17 ta Nijeriya ce ta harbo jirgin agaji DC-7 na ƙungiyar Red Cross, mutanen ciki suka mutu. A ɗaya ɓangaren yaƙin kuma ga ƙananan jiragen MFI-9 da ɗan ƙasar Sweden, Carl Gustaf von Rosen, ya ɗaura wa rokoki ya kai wa filayen jiragen tarayya hari a watan Mayu na shekarar.

Shin a yi samfurinsu? Gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya ajiye irin waɗannan jirage na gaske a fili, 'yan makaranta na zuwa kallo, ba wanda ya ce a rufe su da tamfol. Ni ma ina ganin a yi, da sharaɗin da zan gindaya wa duk wanda ya nemi shawarata: a yi su biyun, MiG da MFI-9, a ma'auni ɗaya, a ajiye su a katako ɗaya, kuma a rubuta a ɗan katin da ke gabansu shekarar da wurin da waɗanda aka jefa wa, ba gudun jirgi da ƙarfin injinsa kaɗai ba. In Malam ya ga kantar da aka jera jirage babu irin wannan kati, ya yi wa mai ita faɗa, zan taya shi.